Madarar Turare, Farce da Tambayar Dattawanmu



Sana'ar turare ta shigo zumuntarmu, kuma ta shigo da ƙarfinta. Shekaru kaɗan da suka wuce, idan yarinya ta gama sakandare tana jiran sakamako, ɗinki ne ko kitso ko soya awara. Yanzu sai ka ga ta shiga mota zuwa Kano, ta nufi Sabon Gari ko Kurmi, ta dawo da ƙananan kwalabe na madarar turare da sirinji da ƙullin itace a leda. Kafin sati ya zagayo hoton kayanta yana kan WhatsApp. Samari ma ba a bar su a baya ba. Ina murna da wannan, domin kuɗin makaranta da sabulu da ɗan abin baiko suna fitowa daga ciki, ba tare da an miƙa wa kowa hannu ba. Amma sana'ar ta zo da tambayoyi, wasu na hanci, wasu na aljihu, wasu kuma na lamiri, kuma tun da ƙofar fasto ake ƙwanƙwasawa da su, gara in amsa a fili.

Sabon abin da ya fi jan hankalinku shi ne kwalbar nan mai tsinke, wadda ake ajiyewa a kan tebur ba wuta ba hayaƙi, ɗaki ya yi ta ƙamshi. Babu wani asiri a cikinta. Tsinken wani irin kara ne da ake kawowa daga ƙasashen Asiya irin su Indunusiya, cikinsa cike da ƙananan kafofi a tsaye, yana jan ruwan turaren sama kamar yadda lagwani ke jan kananzir. Idan ruwan ya kai sama sai ya bi iska. Wanda ya fahimci wannan ya fahimci dalilin da ya sa tsinken tsire ko tsinken tsintsiya ba sa yin aikin sosai, da dalilin da ya sa man gyaɗa ba ya yi: ya yi kauri, ba ya hawa, ba ya kuma bin iska, ƙarshenta ya yi warin tsohon mai. Madarar turare zallanta ma ta yi nauyi, ga tsada. Shi ya sa ake sirka ta da ruwa mai sauƙi, ko sifirit mai kyau ko sinadaran da 'yan kasuwa ke sayarwa domin wannan aiki. Ma'aunin da aka saba shi ne madara kashi 20 zuwa 30 cikin 100, sauran kuma abin sirki. Wato a kwalbar mil 100, madara kamar mil 25. DPG da kuke saya yana riƙe ƙamshi, amma shi ma yana da ɗan kauri, idan ya yi yawa tsinke ya toshe.

Masu rubuta waɗannan ma'aunai ba a ƙasarmu suke zaune ba. Ba su san hunturu ba, lokacin da iska ke bushewa ƙayau tana shanye kwalba cikin gaggawa, ƙura kuma tana like kafofin tsinke. Ba su san Afrilu ba, lokacin da ɗakin kwano ke zama tanda. Saboda haka kada ki yi wa mai saye alkawarin wata 3 don kin gani a rubuce. Ki ajiye kwalba ɗaya a ɗakinki, ki rubuta ranar da kika sa tsinke, ki ga ranar da ta ƙare, sannan ki faɗi abin da idonki ya gani. Na'urar lantarki mai fesa tururi kuwa, ba zan daɗe a kanta ba. Tana son ruwa mai tsabta da ɗigo kaɗan na mai, tana kuma son wuta, kun kuwa san halin wutarmu.

Haɗin kansa yana da tsari. Akwai ƙamshin da ke fara tarar hanci ya kuma fara guduwa, irin na ɓawon lemo da na'ana'a. Akwai na tsakiya, irin na furanni da kanumfari da kirfa. Akwai na ƙasa mai nauyi da ke kwana a labule, irin su sandal da al'ud da miski. Mai saye a kasuwa na farkon yake shinshina ya biya kuɗi, amma na ƙarshen ne zai zauna da shi a ɗaki. Wanda ya cika kwalba da na farko kawai zai sayar da sauri, ba zai sake ganin mai sayen ba. Kuma haɗi ba a yanke masa hukunci ranar da aka yi shi. A rufe, a ajiye a inuwa kwana da kwanaki, sannan a buɗe.

Duk wannan iyayenmu mata sun san shi tun kafin kwalba mai tsinke ta zo, ko da ba su ba shi suna ba. Turaren wuta da humra ilimi ne na matan Barno, Kanuri da Shuwa, daga hannunsu ya bazu zuwa ƙasar Hausa, kuma har gobe idan aka ce kaya daga Maiduguri suke, farashinsu daban ne. A narka sukari ya yi danƙo, a juya itace a ciki, a sauke ya huce, sannan a zuba madara, a rufe a bar shi ya jiƙu. Ba a zuba madara a kan wuta, domin zafi zai kore ta, idan kuma akwai sifirit a ciki tukunyar na iya kamawa. Sukarin nan shi ke riƙe turaren a jikin itace, ya sa ya ci a hankali a kan garwashi. Ga kajiji, ga ƙaro, ga farce.

A kan farcen nan nake so in ɗan zauna, domin shi ya fara haɗa mini littattafan makarantar tauhidi da kaskon mahaifiyata. Farce ba na ɗan Adam ba ne, kada wani ya tsorata. Murfi ne da wani dodon koɗi na teku ke rufe bakin gidansa da shi, kamanninsa kamar farcen yatsa. Daga bakin Bahar Maliya yake biyo hanyar Sudan da Cadi ya iso mana. Ɗanyensa ƙarni gare shi, sai an jiƙa an kankare an wanke, an soya shi har ya canza launi, an daka. Shi kaɗai ba abin sha'awa ba ne a hanci. Aikinsa shi ne riƙe ƙamshin sauran, ya hana su saurin tashi.

To, a Littafin Fitowa sura 30 an ba Musa tsarin turaren da za a riƙa ƙonawa a alfarwa ta sujada: abubuwa 4, nauyinsu daidai wa daida, a kuma sa gishiri. Ɗaya daga cikinsu da Ibrananci ana kiransa shehelet. Yahudawan Iskandariya da suka juya Attaura zuwa Helenanci wajen ƙarni na 3 kafin haihuwar Almasihu sun fassara shi da kalmar da ke nufin farce, daga nan ne sunan onika ya fito. Larabawa ma farce suke ce wa wannan murfin dodon koɗi. Akwai masanan da ke ganin ƙaron wani tsiro ake nufi, amma fassarar da ta fi daɗewa a hannun mutane ita ce ta farcen teku. Ranar da malaminmu na Tsohon Alkawari ya kai mu wannan aya, abokan karatuna daga wasu jihohi suna ta neman hoton abin a ƙamus, ni kuwa na san warinsa idan ana soya shi a tsakar gida. Bahaushe, Balarabe da Bahelene, kowa ya dubi abin ya ba shi suna ɗaya.

Surar nan tana da lissafi irin na 'yan kasuwa. Man keɓewa da aka tsara kafin turaren yana da mur shekel 500, kirfa 250, wani kara mai ƙamshi 250, kashiya 500, da man zaitun ma'auni guda. Shekel ya ɗan haura giram 11, wato mur kaɗai ya wuce kilo 5. An kuma ce aikin gwanin haɗa turare ne. Ashe akwai mutanen da sana'arsu ke nan a cikin jama'ar Isra'ila, kuma an dogara da hannunsu da hancinsu. Malaman Yahudawa na baya sun adana labarin wani gida a Urushalima, gidan Abtinas, waɗanda su ke haɗa turaren Haikali suna kuma riƙe da sirrinsa. An zarge su da rowar ilimi, amma an yaba musu a kan abu ɗaya: amaryar gidansu ba ta shafa turare, don kada wani ya ce daga na Haikali aka ɗiba. Ku da ke riƙe da asusun zumunta a aljihu ɗaya da jarin sana'a, ina fata kun ji.

Wata 'yar'uwa ta karanta ƙarshen surar ta zo mini a firgice, domin an hana kowa ya haɗa irin wannan turare don jin daɗin kansa, da hukunci mai tsanani. Na ce mata, 'yata, kwantar da hankalinki. Abin da aka hana shi ne kwaikwayon wannan haɗi na musamman da ma'auninsa. Hanin ma kansa shaida ne cewa mutane suna haɗa nasu a gida, in ba haka ba wa za a hana? Karin Magana sura 27 ta sa mai da turare cikin abubuwan da ke faranta rai. Esta kuwa wata 12 aka yi ana gyara ta, 6 da man mur, 6 da kayan ƙamshi. Masu gyaran amare na Kano, duk tsadarsu, ba su kai nan ba.

Tambayar da ta fi nauyi ba daga matasa ta fito ba. Ɗaya daga cikin dattawanmu, wanda shekarunsa sun ba 70 baya, ya hana jikarsa kunna kasko a gidansa, ya kuma ce kada a shigo masa da kayan sana'ar. Yarinyar ta ɗauka tsufa ne da rigima. Na je na gaishe shi, muka zauna a zaure, na ce, Baba, me ya yi zafi haka? Ya yi shiru, sannan ya ce mini shi a gidan bori aka haife shi. Lokacin da yake yaro, hayaƙin turare a gidansu alama ce cewa za a kira iskoki, za a yi kiɗan garaya, za a yanka akuya. Ranar da ya ba da gaskiya, da hannunsa ya fasa kaskon gidan, 'yan'uwansa suka yi shekaru ba sa cin abinci da shi. Ya ce, Fasto, ku kuna jin ƙamshi, ni ina jin wancan dare.

Ba tsufa ba ne. Hanci yana da hanya ta kusa zuwa sashen ƙwaƙwalwa mai riƙe tsoro da tunanin baya, shi ya sa wari ɗaya ke mayar da mutum shekara 60 baya kafin ya yi tunani. Mu Masihiyawan wannan yanki da yawanmu jikokin Maguzawa ne, kuma abin da kakanninmu suka bari ba a littafi suka karanta shi ba. Ba su kaɗai ba ne a tarihi. Wajen shekara ta 112 wani gwamnan Roma mai suna Filini ya rubuta wa Sarki Tarajan cewa yana gwada waɗanda ake zargi da bin Almasihu ta wurin sa su miƙa turare da ruwan inabi a gaban siffar sarki. A shekara ta 250 Sarki Deshiyus ya sa dokar cewa kowa ya yi hadaya ga alloli ya karɓi takardar shaida. Mutane sun rasa ransu a kan ɗan abin da bai cika tafin hannu ba. Bayan tsanani ya wuce, ikilisiya ta shigar da turare cikin sujada, har yau 'yan'uwanmu Katolika da wasu Angilika suna kaɗa shi a majami'a. Ƙaron bai canza ba tsakanin waɗannan zamanai, wanda ake ƙona wa ne ya canza.

Ga inda na tsaya, kuma na faɗa wa su biyun. Sana'ar yarinyar halal ce, babu iska a cikin sandal, babu aljani a cikin farce. Dattijo ba shi da ikon kiran abincinta zunubi, kuma ya yarda da haka. Amma gidan nasa ne, tabon ma nasa ne. Abin da Bulus ya koya wa Korintiyawa a kan naman da aka miƙa wa gumaka ya dace da nan sarai: mai sani yana da 'yanci, amma ba ya taka lamirin ɗan'uwansa da shi. Ban ma so in kira wannan dattijo rarrauna ba, mutumin da ya jure abin da yawancinmu ba mu taɓa fuskanta ba. Yarinyar ta mayar da tukunyarta gidan gwaggonta. Ko kwalba mai tsinke, wadda ba ta da hayaƙi, na ce kada ta ajiye masa a ɗaki sai in shi ya nema.

Akwai turaren da nake roƙonku kada ku sayar ko nawa za a biya. Shi ne wanda ake haɗawa da alkawari: na mallakar miji, na farin jini, na jawo kasuwa, na korar maƙiya. Ribarsa ta ninka ta sauran, na sani, domin ba ƙamshi ake saya ba, tsoro da baƙin cikin mace ake saya. Kada kuma wani ya ɗauka wannan ciwon maƙwabta ne. A cikin namu akwai masu ɗura man zaitun a ƙaramar kwalba, su liƙa aya a jiki, su sa masa farashin da ya fi na buhun masara. Boka ne da kwat. Abin da dattijon nan ya fasa a ƙuruciyarsa shi ne wannan, ko da an canza masa kwalba.

Sai batun suna. Al'ud na gaske yana fitowa daga wani itace na kudu maso gabashin Asiya, kuma sai itacen ya kamu da cuta yake fitar da baƙin ƙaro mai ƙamshi. An sare shi har ya yi ƙaranci, cinikinsa yanzu yana ƙarƙashin yarjejeniyar duniya ta kare tsirrai da dabbobi. Sandal na Indiya yana ɗaukar shekara 15 ko fiye kafin zuciyarsa ta yi mai. Miski na asali daga jikin wata barewa ta tsaunukan Asiya ake cire shi, kuma tun 1888 wani Bajamushe mai suna Albert Baur ya gano na sinadari yana cikin bincike a kan abin fashewa. Ma'ana, kusan duk madarar da kuke saya da waɗannan sunaye a masana'anta aka yi ta. Wannan ba aibi ba ne. Da ba don ita ba, ɗakin talaka ba zai yi ƙamshi ba, barewar ma da ta ƙare. Aibin shi ne rubuta "asali" a jikin kwalba. Nardin da Maryamu ta zuba a Betanya, wanda tsironsa ke fitowa a tsaunukan Himalaya, an yi masa kuɗi dinari 300, kusan ladan lebura na shekara guda. Abin asali haka farashinsa yake tun da can. Araha ba ta ado, in ji Hausawa, amma a nan araha tana ado, muddin an kira ta da sunanta.

Na taɓa sayen kwalba a wani shago a birni domin uwargidana, aka rantse mini za ta yi wata 2. Kwana 9 ta yi, abin da ya rage a gindi kuma ba ya warin komai. Ban koma na yi faɗa ba, ban kuma sake komawa ba. A birni mai shago zai samu wani. A Kibiya kuwa wadda kika sayar wa ita ce za ta zauna kusa da ke a benci ranar Lahadi, ko ta tare ki a bakin rijiya, ko uwar ƙawarki ce da kuka yi makaranta tare. Yawancin masu sayen kayanku maƙwabtanmu Musulmi ne, sun fi mu sanin turare nesa ba kusa ba, sun kuma san 'yar gidan wane ce ke, da majami'ar da kike zuwa. Ki sayi sirinji, ki auna, ki rubuta kowane haɗi a littafi. Idan madara ta yi tsada, ki ƙara kuɗi ko ki rage girman kwalba ki faɗa, kada ki ƙara ruwa ki yi shiru.

Wani abu kuma da hanci ke yi: yana gajiya. Bayan 'yan mintoci a cikin ƙamshi ɗaya sai ya daina jin sa. Mai haɗawa sai ta ga kamar bai ji ba, ta ƙara. Mai ɗaki sai ta ga kamar ya ƙare, ta ƙara tsinke ko ta ƙara garwashi, baƙo kuwa yana shigowa ya kama tari. Fita waje ki sha iska ki dawo, ko ki kira wani ya shinshina. A kula da masu asma da jarirai da masu juna biyu. Ruwan kwalba mai tsinke guba ne idan yaro ya sha, launinsa kuwa kamar lemon kwalba, a ɗora shi inda hannu ba ya kai. Kada a sayi sifirit a jarkar da ba ta da suna, domin akwai metanol, wanda ke makantarwa. Garwashi kuma a rufaffen ɗaki yana fitar da iskar da ba ta da wari ba ta da launi, tana kashe mutum a cikin barci. Lokacin hunturu da ake toshe taga da tsumma, a turara ɗaki, a fitar da kasko waje, sannan a kwanta.

Abin da ke ba ni mamaki shi ne duk kuna kallon Dubai, ba wanda ya ɗaga kai ya dubi dutse. Hano, wanda wasu ke kira ararraɓi, mai ɓawo kamar takarda da ke tsirowa a duwatsun ƙasar Hausa, ɗan'uwan itacen lubban ne na jini, kuma ƙaronsa yana ƙamshi a kan wuta. Masana tsirrai sun raɗa masa sunan Dalziel, likitan nan da ya wallafa ƙamus na sunayen tsirrai da Hausa a 1916. Dashi da muke kafa shinge da shi dangin mur ne. Kajiji yana fadama. Ɓawon lemo muna zubarwa a bola. Rano ta taɓa yin suna da baba da rini, daga abin da ƙasarta ke fitarwa.

Wanda zai gwada hano, ya fara neman izinin mai gona ko mai unguwa. Ya ɗebi ƙaron da ya riga ya bushe a jikin itacen, kada ya sassaƙe ɓawon ya zagaye gindin, domin masu neman magani sun riga sun kashe da yawa ta haka. Ya tsince ƙasa da ɓawo, ya shanya a inuwa, ya ɗora ƙwaya ɗaya a garwashin da ya yi toka a sama, ba mai ci bal-bal ba. Idan ya yi daɗi, a kawo mini kaɗan in ji.